Ɗora Tsohuwar Motar Daji a Tirela: Yadda Ake Lodi, Ɗauri da Ja

Tsofaffin motocin daji ba sa mutuwa da sauƙi. Land Rover da ta fara fitowa a 1948, Land Cruiser samfurin 40 da Toyota ta yi ta ƙerawa a Japan daga 1960 zuwa 1984, jif ɗin Willys ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, Ford Bronco ta 1966, har gobe akwai masu neman su ruwa a jallo. Sai dai da yawansu sun kai matsayin da ba a hawa babban titi da su. Wata tsinto ta aka yi bayan ta shekara goma a ajiye, ciyawa har ta tsiro ta ƙarƙashinta. Wata kuma lafiyarta ƙalau, amma an ɗaga ta sama, an sa mata manyan tayoyin taɓo da duwatsu waɗanda doguwar tafiyar kwalta ba ta karɓe su ba. Dole dai a ɗora ta a tirelar ɗaukar mota, a maƙala a bayan a-kori-kura ko babbar jif, a ja.

Da zarar tayoyinta sun taka bayan tirela, ta tashi daga mota ta koma kaya, kuma kaya mai wuyar sha'ani. Ta fi abin da takarda ta ce nauyi, nauyin nata yana can sama, tana rawa a kan sifirin ɗinta, birkinta ba abin dogaro ba ne, wuraren da za a ɗaure ta ma wataƙila tsatsa ta ci rabinsu. Duk wanda ya ci gaba da kallon ta a matsayin motar da za ta iya riƙe kanta, daga nan kuskurensa yake farawa.

Kafin a taɓa sarƙa ko bel, lissafi ne farko. Tirelar ɗaukar mota da aka fi gani a Amurka tana da aksil biyu, wato sandunan ƙarfen da tayoyi ke juyawa a kansu, kowanne an yi shi ya ɗauki fam 3,500, jimla fam 7,000, wato kusan kilo 3,175. Abin da mutane ke mantawa shi ne, nauyin ita kanta tirelar yana cikin wannan adadin. Idan ta ƙarfe ce, takan kai kilo 900 zuwa 1,000, saura ke nan kusan kilo 2,200 na kaya. Willys ba ta da matsala, nauyinta kusan kilo 1,100 ne. Gajeriyar Land Cruiser 40 tana wajen tan ɗaya da rabi. Amma Land Cruiser samfurin 80 ta haura tan biyu tun daga kamfani, kafin mai ita ya ƙara mata bamba ta ƙarfe, winci (injin ja mai naɗe igiya), kariya a kan rufi, manyan tayoyi, safaya biyu da jarkokin mai. Waɗannan ƙarin sukan tara ɗaruruwan kilo ba tare da an lura ba, balle in ta fito daga daji ƙarƙashinta cike da busasshen taɓo. Adadin da ke cikin littafin mota na motar da ta fito daga kamfani ne shekaru da dama da suka wuce. Wadda ke gabanka, sikelin auna manyan motoci ne kaɗai zai faɗa maka gaskiyar nauyinta.

A Turai doka ta yanke abin a sarari: tirela marar birki ba ta wuce kilo 750 ita da kayanta, mai birkin da ke kamawa da kansa idan motar gaba ta rage gudu kuwa iyakarta kilo 3,500. Ma'ana, babu motar dajin da za a ɗauka a tirela marar birki, ko da Willys ce.

Motar da za ta ja ita ma tana da adadi fiye da ɗaya, kuma wanda aka fi tallatawa, wato iyakar abin da za ta iya ja, ba shi ne yakan fara cika ba. Nauyin da wuyan tirela, wato ƙarfen gabanta da ake maƙalawa, ke dannawa a bayan mota ana lissafa shi cikin kayan da motar ta ɗauko a jikinta. In tirela da kayanta sun kai kilo 3,000, wuyan yana iya danna kilo 300, ga mutum huɗu a ciki, ga akwatin kayan aiki, sai ka tarar an wuce iyakar aksil ɗin baya alhali ba a kai iyakar ja ba. Tsawon motar ma yana da tasiri. Gajeriyar jif, komai ƙarfin injinta, tirela mai nauyi tana iya juya ta yadda ta ga dama. Idan abin da ke hannu ke nan, da muguwar rawa gara ƙin tashi, a nemo babbar mota.

Sai maƙalin. Ƙwallon ƙarfen da bakin tirela ke hawa a kai girma-girma ne: na Turai milimita 50, na Amurka inci 1 da 7/8, inci 2, da inci 2 da 5/16. Haɗarin shi ne babban baki yana zama daram a kan ƙaramin ƙwallo, makullin ya rufu, komai ya yi kamar ya yi daidai, sai ranar da wuyan ya ɗaga sama ya fice. Gwajin ba wuya: bayan an kulle, a juya jak ɗin tirelar sama. In maƙalin ya kama, bayan motar zai soma ɗagawa tare da wuyan. Sarƙoƙin tsaro biyu kuma a gitta su ta ƙarƙashin wuyan, domin in ya kuɓuce ya faɗo a kansu maimakon ya caki kwalta. Wayar da ke kama birkin tirela in ta tsinke, a ɗaure ta a jikin motar, kada a rataye ta a jikin sarƙar.

Wajen hawa ne aka fi jin ciwo, kuma dalilin yana da sauƙin ganewa. Tirela tamkar sikeli mai hannu biyu ce, aksil ɗinta shi ne tsakiya. Lokacin da tayoyin gaban motar daji suka taka gadar hawa, nauyinsu yana danna wutsiyar tirela ƙasa, wuyan kuma ya yi sama. In ba a maƙala tirelar a mota ba, wuyan zai yi tsalle, motar ta zame. In an maƙala, wuyan yana iya ɗaga bayan motar ja har tayoyinta na baya su saki ƙasa. A yawancin motoci kuwa birkin hannu tayoyin baya kawai yake riƙewa, giyar fakin ma haka in motar da baya take ja. Sai kawai a ga mota da tirela da kayan da ke rabin hawa sun kama gangara babu kowa a sitiyari. Maganinsa a nemi shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, a miƙe mota da tirela a layi ɗaya, a sa waigi a tayoyin tirela da tayoyin gaban motar ja, sannan a tokare wutsiyar tirela da ƙafafunta ko da katako mai kauri. Gadojin hawa kuma a tabbata sun shiga mazauninsu, don taya mai manyan haƙora tana iya cafkar gada ta harba ta baya.

A auna faɗi tun kafin a tayar da inji. Tsakanin murafun tayoyin irin wannan tirela yakan kasance wajen mita 2.1, motar da aka sa wa faffaɗan tayoyi kuwa tana iya cinye wannan sararin kaf. Ko ta shiga, sau da yawa ƙofa ba ta buɗuwa saboda murfin taya, direba ya koma fita ta taga.

Idan motar tana tashi, a kulle kawunan tayoyin gaba in masu kullewa da hannu ne, a sa giyar ƙarfi ta tayoyi huɗu, a hau da lamba ɗaya. Giyar ƙarfi tana rage gudu kusan ninki biyu ko fiye, don haka motar za ta rarrafa da kanta ba sai an taka totur ko an ƙona kuloci ba. Mutum ɗaya ne zai riƙa nuna wa direba hanya, ya tsaya a gefe inda ake ganin sa, ba tsakanin tirela da motar ja ba. Amma kafin nan a taka birki a ƙasa sau da yawa a ji yadda yake. Tsofaffin motoci da dama layin man birkinsu guda ɗaya ne, tiyo ɗaya ya fashe, ƙafa huɗun duk sun tafi. Motar da ta daɗe a ajiye kuwa, in tana tashi ma, ni dai na fi son a ja ta da winci. Winci ba ya firgita, ƙafarsa ba ta zamewa daga kan kuloci.

Winci ma da nasa lissafin. A gangara mai digiri 15, motar kilo 2,000 tana buƙatar jan da ya ɗan haura kilo 500, in tayoyinta suna juyawa lafiya. In birki ya manne da tsatsa ko tayoyi sun sace, abin yakan ninka sau da yawa, don a lokacin jan ta ake yi a ƙasa. Gara a fara ba tayoyin iska, a daki gangar birkin a saki abin da ya manne. Ƙarfin da aka rubuta a jikin winci na zagayen farko ne na igiya a kan ganga, yana raguwa yayin da igiyar ke taruwa. Kura guda ɗaya, wato ƙaramar tayar ƙarfe da igiya ke zagayawa a kanta, da za a bi da igiyar ta ciki a dawo da ita jikin tirela tana ninka ƙarfin kusan biyu, ta rage saurin da rabi. A jefa bargo mai nauyi a kan igiyar ƙarfe don in ta tsinke kada ta yi bulala, kowa ya kauce daga layinta, kuma kada a bar kowa a bayan motar. Wani ya riƙa bin tayar baya da waigi daga gefe.

Yanzu ta hau. Ina za ta tsaya? Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, kuma amsarta santimita ce. A Amurka shawarar da aka saba bayarwa ita ce wuyan tirela ya ɗauki kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na jimlar nauyi. A Turai, inda tirelolin ke da aksil kusa da tsakiya kuma ake tafiya a hankali, sukan tsaya wajen kashi 5 zuwa 7, ba tare da wuce abin da aka rubuta a jikin maƙalin ba. Kowanne aka bi, ƙa'idar ɗaya ce: tsakiyar nauyin kaya ta kasance gaba da tsakiyar aksil ɗin tirela. Shi ya sa ake hawa da gaba, saboda inji da giya a gaba suke.

Dubi yadda abin ke saurin canzawa. A ce daga ƙwallon maƙali zuwa tsakiyar aksil mita 4 ne, motar kuma kilo 2,000. Matsar da ita gaba da santimita 10 kacal yana ƙara kilo 50 a wuya. Matsar da ita baya da santimita 30 yana cire kilo 150, wanda ya isa ya mayar da lafiyayyar tirela mai kaɗa wutsiya. Gajerun motoci sun fi jefa mutum cikin wannan ruɗani. Willys da Land Rover ta farko tazarar tayoyinsu na gaba da na baya inci 80 ce, kusan mita biyu, a kan tirela mai tsawon mita biyar sarari ya yi musu yawa gaba da baya, ido kuma sai ya ce a ajiye su a tsakiyar dandamali don ya fi kyau. Tsakiyar dandamali daban, wurin da nauyi ya daidaita daban. Haka motar da aka cire wa inji: gabanta ya zama fanko, nauyin ya koma baya, wani lokaci sai an hau da ita da baya ko a matsar da ita gaba sosai.

In babu sikelin wuya, tef ɗin awo yana taimakawa. A auna tsayin bayan motar ja da gabanta kafin lodi da bayan lodi. Baya ya kamata ya ɗan zauna. In bai zauna ba ko ya ɗaga, nauyi ya yi baya. In ya durƙusa har gaba ya ɗaga, nauyi ya yi wa wuya yawa, tayoyin gaba sun yi sakayau, sitiyari da birki duk za su yi rauni. Tirelar kanta ta kwanta daidai da ƙasa, domin mai aksil biyu in ta karkata, aksil ɗaya ne zai sha kayan, tayoyinsa su yi zafi su fashe. Da an samu wurin da ya dace, a shata alama da fenti a dandamalin.

Dokokin ɗaure kaya na manyan motoci a Amurka da ma'aunin Turai sun haɗu a kan adadi ɗaya: ɗauri ya iya tare kashi 80 cikin ɗari na nauyin kaya ta gaba, da kashi 50 ta baya da ta gefe. Ga motar kilo 2,000, ana maganar kilo 1,600 ke nan da za su yunƙuro gaba lokacin birkin gaggawa. Abin da zai tare su kuwa bel ɗin baya ne, waɗanda ke jan motar zuwa wutsiyar tirela. Mutane sukan ɗaure gaba tamau su yi wa baya ɗaurin je-ka-na-yi-ka, alhali na bayan ne ke hana motar faɗowa kan wanda ke tuƙi. Ɗauri huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, kowanne da mazauninsa, shi ne mafi ƙaranci. Igiyar winci ba ta cikin lissafi.

A jikin bel akwai adadi biyu, ƙarfin tsinkewa da ƙarfin aiki. Na biyun ake dubawa, kuma galibi kashi ɗaya ne cikin uku na na farkon. Sarƙar ɗaure kaya mai daraja ta 70, mai kaurin inci 5/16, ƙarfin aikinta fam 4,700 ne, kusan kilo 2,130. Bel da ya tsage, ko rana ta cinye, ko aka ƙulla shi, adadin jikinsa ya daina aiki. Igiyar fizgo mota daga taɓo ma ba ta ɗauri ba ce, don an yi ta ne ta miƙe kamar roba. Kusurwa ita ma tana cin ƙarfi: bel da ya sauka tsaye yana danna mota ƙasa amma ba ya hana ta gaba ko baya, wanda ya kwanta digiri 45 kuwa kusan kashi 70 na ƙarfinsa ne ke tare ta.

Tsohuwar muhawara ita ce, a aksil za a ɗaure ko a shasi? In aka ɗaure a shasi, duk ramin da aka faɗa sifirin zai lanƙwashe, jikin motar ya yi ƙasa, bel ya yi sako-sako na ɗan lokaci, sannan ya fizge da ƙarfi in jikin ya dawo. Ƙugiya marar murfi a nan take ficewa. Motocin daji kuwa sifirin ɗinsu dogon zango gare shi, ba a iya matse shi har ƙarshe. In aka ɗaure a aksil ko a taya, ɗaurin ba ya motsi, jikin motar ne ke lilo a sama. Ga irin waɗannan motoci masu aksil ɗin ƙarfe guda gaba da baya, aksil ne ya fi, kusa da inda sifirin ya zauna. In motar doguwa ce mai laushin sifirin, a ƙara bel biyu a shasi don rage lilon, amma a matsayin ƙari. Abin lura shi ne siririn bututun man birki da ke bin jikin aksil: bel ya bi ta ƙarƙashinsa, kada ya murƙushe shi. Sandunan sitiyari, shokazoba da tsohuwar bamba ba wurin ɗauri ba ne. Shasin ma a ƙwanƙwasa shi da guduma tukuna, musamman ƙarfen da ya gitta ta baya a tsofaffin Land Rover, wanda ya yi suna wajen ruɓewa daga ciki fenti yana nan lafiya lau.

Gitta bel ko miƙe su? Gittawa tana tare motsin gefe, amma in ɗaya ya tsinke, ɗayan zai ja motar gefe har ya saki. Na fi natsuwa da miƙaƙƙu masu ɗan buɗewa waje.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da tsofaffi: tayar da aka ba iska don a samu hawa, wadda ke sacewa a hankali. Bayan awa ɗaya aksil ya sauka, bel ɗin kusurwar ya saki. Birkin hannu ma a san irinsa. Na tsofaffin Land Rover a bayan akwatin giya yake, farfela yake riƙewa, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, don haka in tayar baya ɗaya ta ɗaga ko ta zame, motar tana iya gangarawa birkin yana ja. Kuma in akwatin raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya yana firi, sa mota a giya ko a fakin bai riƙe komai ba. A ja birkin, amma kada a lissafa shi cikin ɗauri. Daga nan a cire kan batir, a duba yoyon mai, a ɗaure bonet da ƙofofi, a naɗe rufin tamfol, a kwashe jak da duk wani ƙarfe da ke yawo a ciki.

A hanya, gudu ne ke tona asirin lodi. Kowace mota da tirelarta suna da wani gudu da in an wuce shi, kaɗawar wutsiya ba ta lafawa da kanta, sai dai ta ƙaru. Nauyi a baya da kaya mai tsayi suna sauko da wannan iyakar ƙasa. A Birtaniya mai jan tirela ba ya wuce mil 60 a awa a babbar hanya, a Jamus kilomita 80 ne sai in an samu izini na musamman na 100. Daga 80 zuwa 100 ƙarfin da birki zai kashe yana ƙaruwa da fiye da rabi. In wutsiya ta fara kaɗawa, saboda iska ko wucewar babbar mota, a ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari a miƙe, kada a daka birkin mota, kada a yi ƙoƙarin bin kaɗawar da sitiyari. In tirelar mai birkin lantarki ce, a matsa nata birkin da hannu, shi zai miƙar da ita. Ruwa ba ya tsami banza: da an tsaya, a matsar da kayan gaba. A doguwar gangara a sauko da ƙaramar giya tun daga sama, inji ya riƙe, birki ya huta. A kwana a buɗe, don tayoyin tirela suna yanke ta ciki.

Dokar direbobin kaya a Amurka ta ce a duba ɗauri cikin mil 50 na farko, kusan kilomita 80, daga nan duk awa uku ko mil 150. Ga tsohuwar mota gara a tsaya tun bayan kilomita goma ko ashirin, don a nan ne taɓo ke kakkaɓewa, sifirin ya zauna, bel ya saki. A kowace tsayawa a ɗora bayan hannu kusa da tsakiyar kowace tayar tirela. In ɗaya ta fi sauran zafi sosai, boris ne ke ƙonewa ko birki ke kamawa. Tayoyin tirela kuma tsufa ke kashe su kafin su suɗe. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin shaidar da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, 2318 na nufin mako na 23 na 2018.

Saukewa ana bin matakan hawa ne daga ƙarshe zuwa farko: wuri shimfiɗaɗɗe, tirela a maƙale, waigi, tokarin wutsiya. Kafin a kwance bel ko ɗaya, a mayar da igiyar winci a ɗaure ta tamau, ko direba ya zauna ƙafarsa a kan birkin da aka gwada. A fara kwance na baya, na gaba su zo ƙarshe, mai kwancewa yana tsaye a gefe, domin motar da ta ɗan matsa a hanya takan jingina dukan nauyinta a kan bel ɗaya, tana jiran a sake shi.